Bitar Kundin Falsafa na Stanford a Kan Hujjojin Samuwar Allah

Duk wanda ya taɓa neman bayani a intanet game da hujjojin samuwar Allah ya san cewa hayaniya ta fi ilimi yawa, domin kowane ɓangare yakan kawo hujjar abokin hamayyarsa a mafi raunin siffarta don ya rushe ta cikin sauƙi. Wannan ne ya sa nake ganin darajar Stanford Encyclopedia of Philosophy, kundin falsafa da Edward Zalta ya kafa a Jami'ar Stanford ta Amurka a shekarar 1995, wanda ake karantawa kyauta ba tare da rajista ba. Masana ne suke rubuta maƙalolinsa, editoci su tantance, kuma a saman kowane shafi akwai ranar da aka fara wallafa maƙalar da ranar da aka yi mata babban gyara na ƙarshe.

Na fara ne da maƙalar da ke bayani a kan hujjar Anselm na Kantabari, malamin addinin Kirista, wanda a wajajen 1078 ya ce Allah shi ne wanda hankali ba zai iya sawwala wani da ya fi shi girma ba, kuma wanda yake samamme a zahiri ya fi wanda yake cikin tunani kawai, saboda haka dole ne ya kasance samamme. Graham Oppy, wanda ya fara rubuta maƙalar, bai yi imani da samuwar Allah ba, amma ya shimfiɗa hujjar daki-daki, kowace gabatarwa da lambarta, har mai karatu ya iya ɗora yatsa a kan layin da yake shakka. Daga nan aka kawo raddin Gaunilo, wani malamin Kirista na zamanin Anselm, wanda ya ce da irin wannan lissafi sai a tabbatar da tsibirin da babu kamarsa, sannan raddin masanin falsafar Jamus Immanuel Kant na 1781 cewa samuwa ba sifa ba ce da ake ƙara wa abu kamar tsawo ko launi. Wannan adalci shi ne abin da ya fi burge ni a kundin baki ɗaya.

Inda na fi daɗewa shi ne maƙalar Bruce Reichenbach a kan hujjar da take tasowa daga samuwar duniya kanta, domin a nan ne ɗalibin tauhidi zai ji ƙafarsa ta taka ƙasa. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya raba samammu gida biyu, wato mai yiwuwar samuwa, wanda zai iya kasancewa ko ya rasa kasancewa, da wajibin samuwa, wanda bai dogara da kowa ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bi wata hanyar, cewa duk fararren abu yana da mai farar da shi, duniya kuwa fararriya ce. Wannan hanyar ce masanin falsafar Amurka William Lane Craig ya farfaɗo da ita a 1979 da sunan hujjar kalam. Maƙalar ba ta ɓoye suka ba. Ta kawo matsayin masanin falsafar Birtaniya Bertrand Russell, wanda a muhawararsa da malamin Katolika Frederick Copleston a rediyon BBC a 1948 ya ce don kowane mutum yana da uwa, wannan bai nuna cewa jinsin ɗan'adam a dunƙule yana da uwa guda ba. A ganina wannan suka tana da nauyi, sai dai ba ta amsa tambayar da Ibn Sina ya tsaya a kai ba, wato me ya sa tarin abubuwan da kowannensu yake dogare da waninsa ya samu tun farko.

Kundin yana da nasa naƙasu. Da Turanci kawai aka rubuta shi, Turancin ma na jami'a, kuma idan aka kai ga hujjojin Gödel da Plantinga, masana biyu da suka sabunta hujjar Anselm, wanda bai karanci mandiƙin zamani ba zai sha wahala ƙwarai. Haka kuma malaman Musulunci ba su samu fili mai faɗi a cikin waɗannan manyan maƙaloli ba, sai mutum ya nemi shafin Ibn Sina na Dimitri Gutas da na Gazali na Frank Griffel kafin ya ƙoshi.

Shawarata ga mai son shiga shi ne ya fara da waɗannan shafuka biyu, sannan ya wuce zuwa maƙalar Reichenbach da alƙalami a hannu, ya bar ta Anselm zuwa ƙarshe.