Asibitin dabbobin da ya gano abin da ke sa kwikwiyona gudawa, ga ra'ayina tsakani da Allah

In kana Kaduna kuma kana da ɗan kwikwiyo da gudawa ke tafiya tana dawowa, shawarata ka nemi asibitin dabbobin da ke gwajin kashi, ba wanda kana shiga za a zaro allura a soka masa a ce ka dawo in bai daina ba. Wani ɗan asibiti mai zaman kansa nake magana a kai, ba zan kama sunansa ba don akwai abubuwan da zan faɗa da ba za su yi musu daɗi ba, amma a aikin da na je nema wlh sun fita kunyata.

Kwikwiyon nawa ruwa biyu ne, uwarsa Alsatian ubansa irin namu na gida, don gadi na karɓo shi saboda gidanmu a bakin gari yake, yana da wajen sati bakwai lokacin. Matsalarsa ba irin wadda ke kayar da kare rana ɗaya ba ce. Yana cin abinci, yana wasa, yana bin yara a tsakar gida, amma kashin nasa ruwa-ruwa, fari-fari haka mai yauƙi kamar majina, ga wani wari da ko daga bakin ƙofa kana ji, sai ya ɗan ɗaure na 'yan kwanaki ka ce Alhamdulillahi an rabu, sai ka tashi da safe ka tarar kejin ya ɓaci kaca-kaca. Ciki ya kumbura, haƙarƙari a waje, gashin ya bushe ba sheƙi. Wanda na karɓo shi a wurinsa ya rantse min ya ba su maganin tsutsa, na kuma yarda da shi don mutumin kirki ne, a wani wuri kuma da aka fara kai shi an yi masa allura an ba da Flagyl, ya yi sauƙi, maganin na ƙarewa abu ya dawo sabo.

Abin da ya fara burge ni a wannan asibitin shi ne likitar ba ta taɓa magani ba sai da ta gama tambayoyi. Mace ce, ba ta da yawan fara'a amma ta san aikinta. "Malam me yake ci, a ina yake shan ruwa, ƙasa ce a kejin ko siminti, akwai wasu karnuka ko kaji a gidan, an yi masa rigakafi, ina katin?" Ta ɗora shi a sikeli ta rubuta nauyinsa, ta ɗaga leɓensa ta nuna min dasashin, ta ce in ya yi fari fat alamar ƙarancin jini ne, kuma akwai wata tsutsa mai maƙalewa a hanji tana tsotsar jini da kan jawo haka, nasa dai da sauran ja. Ta kama fatar wuyansa ta ja sama ta saki, ta ce in ka ga fatar ta tsaya ba ta koma da sauri ba toh ruwan jikinsa ya yi ƙasa, kar a kwana da shi a gida. Wannan kaɗai na ji kuɗin katina ya fita don abu ne da zan iya dubawa da kaina ko da tsakar dare.

Farko cutar parvo suka gwada, da wani ɗan abu kamar na gwajin maleriya, aka shafo kashi aka ɗiga, cikin 'yan mintuna ya nuna babu. Duk mai kiwon kare ya san parvo ba wasa ba ce, amai ne da gudawa mai jini da ƙin cin abinci, tana iya kashe kwikwiyo cikin kwana biyu uku, kuma ƙwayar na iya yin watanni a ƙasa tana nan da ranta. Da aka ce ba ita ba ce sai hankalina ya kwanta rabi. Sai aka duba kashin a na'ura aka ga ƙwan tsutsar ciki, irin doguwar nan fara, ta ce ba abin mamaki ba ne don kwikwiyo kan ɗauko ta tun yana cikin uwarsa ko ta nono, shi ya sa ake ba su maganin tsutsa a sati 2, 4, 6 da 8, sannan duk wata har su kai wata shida, ba sau ɗaya a ce an gama ba. Amma ta ce ita fa wannan yauƙin da warin bai yi mata kama da aikin tsutsa kaɗai ba, in ƙara kawo kashi na wasu ranakun daban. Na ce Dakta ba an riga an gani ba? Ta ce akwai wata ƙwayar cuta da ake kira jiyadiya da ba kullum take fitowa a kashi ba, yau a gani gobe a rasa, in ka dogara da gwaji ɗaya sai ka ce babu alhali tana nan. Haka kuwa aka yi, a wani kashin da na kai daga baya aka same ta.

A nan ne na gane dalilin da ya sa abin ke ta dawowa. Ita jiyadiya ta ruwa da kashi ake ɗaukarta, ƙwanta na fita a kashin kare ya zauna a wuri mai danshi makonni, ya maƙale a gashin gindinsa da ƙafafunsa, shi kuma kare ba ya rabo da lasar jiki, toh ko magani ya kashe na cikin sai ya sake haɗiye wasu daga jikinsa ko daga kwanon ruwa ko kwatamin da ke bi ta bayan kejin. Lokacin damina ne kuma, ƙasar kejin kullum a jiƙe. Likitar ta ce min ƙarara, "Malam maganin da zan ba ka rabin aiki ne, rabin yana gidanka." Ta ba da wani magani mai suna Panacur na kwana biyar, an auna shi daidai da nauyinsa, ta ja layi da biro a jikin sirinjin ta ce nan za ka tsaya kullum, kuma shi wannan maganin yana kama tsutsar ma gaba ɗaya. Ta ce a kwashe kashi da zarar ya yi, a wanke kwanukansa da tafasasshen ruwa, a wanke kejin da Hypo a bari ya bushe ƙarau kafin a mayar da shi, a yi masa wanka da sabulu ranar da zai sha na ƙarshe musamman ta baya, ruwan shansa kuma ya zama irin wanda mu muke sha. Na sa aka zuba siminti a kejin aka yi masa gangara, aka kuma juya hanyar kwatamin.

Maganar abinci ma ta yi min bayani sosai. A unguwa kowa likita ne, wannan ya ce a ba shi madara ya yi ƙiba, wancan ya ce a ɓare masa kafso a ruwa, wani ya ce Panadol. Ta ce madarar shanu da ta gwangwani kan ƙara wa kwikwiyo gudawa don cikinsa ba ya narkar da ita yadda ya kamata, Panadol da ibuprofen kuwa suna iya kashe shi, haka albasa tana lalata musu jini, kenan sauran miyar gida da ake juye musu da mai da yaji da maggi ba alheri ba ne. Ta ɗora shi kan farar shinkafa da dafaffen naman kaza ba mai ba gishiri, kaɗan-kaɗan sau huɗu a rana, na ɗan lokaci kawai don ba zai ishi kare mai tasowa ba, sannan a riƙa cakuɗa abincinsa na asali a hankali cikin kamar sati ɗaya. Ta kuma ja min kunne kan yara, su riƙa wanke hannu da sabulu in sun taɓa shi, kar su yi wasan ƙasa kusa da inda yake kashi, don ita wannan tsutsar tana iya shiga jikin mutum. Gaskiya wannan ya fi komai tsaya min a rai, ina da ƙananan yara, kuma a wurin farko ba wanda ya ko ambata.

Toh yanzu abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Babba a ciki wurin jira ne. Ɗaki ɗaya ne, benci biyu, mai kare lafiyayye da ya zo rigakafi da mai karen da ke amai da jini duk wuri guda, na ga da idona wani kwikwiyo ya yi gudawa a ƙasa aka ɗauki lokaci kafin yaron da ke shara ya zo, shi ma da tsumman da ya goge wani wurin ya goge. Asibitin da ya san haɗarin parvo fiye da kowa bai kamata ya bar haka ba, ko rumfa ce a yi a waje a raba su. Ni dai a kwali na riƙe nawa a cinya, ban bari ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba, kuma na faɗa wa likitar, ta amsa cewa gaskiya ne wurin ya yi musu kaɗan. Na biyu, duk wannan dogon bayanin da baki aka yi shi, ba takarda, in ba ka da riƙo ko yaro ka aika toh rabi zai zube a hanya. Na uku wayarsu, an rubuta lamba a allo an ce ta gaggawa ce amma ranar Lahadi da yamma da ya yi amai na kira har na gaji ba a ɗauka ba, Allah ya taimaka aman bai ci gaba ba. Sai kuma yaron kantin asibitin da ya dage sai na sayi wani buhun abincin kare na waje mai tsadar gaske, yana cewa in ba shi ba cikin ba zai daidaita ba, da na koma na tambayi likitar ta ce ba dole ba ne sam. Bai dace mai shago ya riƙa faɗin abin da likita ba ta faɗa ba.

Kuɗi kam gwaje-gwajen ne suka fi ci, maganin kansa ba wani tsada, kuma kafin a yi kowane gwaji sai an faɗa maka farashinsa ka yarda, wannan na yaba. Wani abin da na lura, alluran rigakafinsu a firij mai sola suke, a gabanka ake ɗauko kwalbar a nuna maka ranar lalacewa a liƙa takardarta a katinka. Da yanayin wutarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, rigakafin da ya sha zafi sunansa kawai rigakafi. Ba su yarda sun yi masa yana cikin gudawa ba, sai da ya warware aka ci gaba, ta ce ana maimaitawa duk bayan sati uku zuwa huɗu har ya kai sati 16, allurar haukan kare kuma daga wata uku, kafin nan kar a fita da shi yawo cikin wasu karnuka.

Bayan an gama maganin sun sa na sake kai kashi aka duba, ba a ga komai ba. Yanzu kashinsa a ɗaure yake, cikin ya saɓe, ya fara cika har ya soma haushi in an taɓa ƙofa, kuma mun wuce lokacin da a da abin kan dawo. Zan ci gaba da kai shi can, kuma duk wanda ya tambaye ni zan tura shi, da sharaɗin ya je da sassafe kafin a cika, ya tafi da katin rigakafi in akwai, da sabon kashi na safiyar a leda mai tsabta ko roba mai murfi, ya riƙe kwikwiyonsa a hannu ko a kwali har a kira shi, ya kuma shiga da biro da takarda ya rubuta abin da likita ta ce.