Asid ko bakteriya: wanne zai tsamo tagulla daga dagwalon Legas?

Dagwalon masana'antun shafen ƙarfe na Legas yana ɗauke da tagulla da nikel. 'Yan gwangwan ɗinmu na Agege sun san kuɗin tagulla, ga ta kuma kwance cikin laka.

Asid mai ƙarfi yana narkar da ita cikin sa'o'i, amma sayensa ake yi, yana ƙona fata, kuma guba ce idan ya gangara ruwa.

Bakteriyar Acidithiobacillus kuwa, wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, farar wuta take ci, ta haɗa asid ɗinta da kanta. Da irinta ake fitar da tagulla a Chile. Aikinta a hankali yake, yana ɗaukar kwanaki ko makonni, kuma dole a riƙa hura mata iska. Ɗumin digiri 30 take so, abin da Legas ke da shi kyauta. Ni bakteriyar na zaɓa, don kada asid mai ƙarfi ya ƙona hannun leburori.