Gwajin DNA bayan rasuwar uba: na gida ko na kotu, kuma da wa za a gwada yaron?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu na Daura ya kawo tambaya shekaranjiya, amsoshi kuma suka yi ta shigowa, kowa da inda ya dosa. Ga waɗanda ba su gani ba: yayansa ya rasu, Allah Ya jiƙansa, bayan ya daɗe yana sana'a a Legas. Ya bar mahaifiya da 'yan'uwa, da mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu a Daura. Bayan sadakar arba'in sai ga wata baiwar Allah da yaro ɗan shekara 7, ta ce marigayin ya aure ta a can, yaron nasa ne. Ga rabon gado ya matso. Yana tambaya: ya sayi irin gwajin da ake talla a Facebook a yi a gida shiru, ko a bi ta kotu? Kuma tunda uban ba ya duniya, da wa za a gwada yaron?

Malam, Allah Ya ba ku haƙuri. Ni aikina ɗakin gwaje-gwaje ne na asibiti a nan Katsina, kuma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Kowane mutum rabin ƙwayoyin gadon halittarsa, wato DNA, daga uwa ne, rabi daga uba. Masu gwajin suna duba wurare wajen 20 a cikin ƙwayoyin nan. A kowane wuri yaro yana da lamba biyu, ɗaya ta uwa, ɗayar kuwa dole a same ta a jikin uba. Idan uban yana raye aikin yankan shakku ne: ko sakamako ya ce sifili, ko ya ce kashi 99.9 cikin 100 ko sama da haka. Wani masani ne a jami'ar Leicester ta Ingila, Alec Jeffreys, ya gano hanyar a 1984, kuma shari'ar farko da aka yi da ita a 1985 ta wani yaro ce ɗan asalin Gana, da hukumar shige da fice ta Ingila ta yi tantamar ko ɗan mahaifiyarsa ne. Gwajin ya tabbatar mata da ɗanta.

Gwajin gida da na kotu inji ɗaya ne, ilimi ɗaya. Bambancinsu yana kan tambaya guda: wa zai tsaya ya ce yawun bakin da aka gwada na wane ne? A na gida ambulan za a aiko maka da tsinkaye masu auduga a kai. Ka goga a cikin kuncin mutum na kamar rabin minti, ka bari ya sha iska, ka rubuta suna da hannunka, ka mayar. Ya fi arha, ya fi sauri, babu wanda ya ji babu wanda ya gani. Amma masu gwajin ba su ga fuskar kowa ba, sunan da ka rubuta shi za su rubuta. A na kotu kuwa ma'aikacin da ba ruwansa da rigimar ne zai ɗauki samfurin. Zai karɓi katin shaida, ya ɗauki hoto, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a liƙe ambulan a gabanku, kuma duk hannun da ya taɓa shi har ya isa wurin gwaji a rubuce yake. Ƙarin kuɗin da ake caji na wannan tsaron ne.

To a naku yanayin, na gida asarar kuɗi ne, kuma ina faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Kai mai ruwa da tsaki ne a gadon nan, Malam. Ɗa namiji yana shamakance 'yan'uwan mamaci, don haka idan yaron ya tabbata ku ba ku da kaso, rabon 'yan matan ma zai ragu. Idan ka ɗauki samfuri da hannunka ya fito ba naku ba ne, matar za ta ce ka musanya, kuma babu alƙalin da zai ga laifinta. Idan ya fito naku ne, uwargida da danginta su ce an haɗa baki da kai. Sannan ta yaya ma za ka sa tsinke a bakin yaro ba da yardar uwarsa ba? Wannan sirrin da ake tallata gwajin gida da shi, shi ne zai zame muku fitina.

Sai maganar da wa za a gwada, kuma a nan gizo ke saƙa. Kaka da jikanta, baffa da ɗan ɗan'uwansa, 'yan uba da juna, duk wajen kashi 25 cikin 100 na ƙwayoyin gado suke tarayya a kai, ba kashi 50 irin na uba da ɗa ba. Saboda haka idan aka gwada yaron da kai kaɗai, ko da Hajiya mahaifiyarku kaɗai, ko da yarinya ɗaya, sau da yawa amsar takan fito a tsaka-tsaki: akwai alama, amma ba ta kai ta yanke ba. Ka biya kuɗi ka dawo da shakkun da ya fi na da.

Akwai gwajin ƙwayar Y, wadda maza kaɗai ke da ita, take sauka daga uba zuwa ɗa kusan ba canji. Kai da marigayi uba ɗaya kuke, don haka taku iri ɗaya ce. Idan ta yaron ta saɓa da taka, magana ta ƙare ta fuskar jini. Idan ta dace, abin da ta faɗa kawai shi ne yaron daga zuriyar mazan gidanku ya fito. Ba ta bambance marigayi da ƙanensa, ko da ɗan baffanku da shi ma yake zaune a Legas. Gwaji ne mai ƙarfi wajen korewa, mai rauni wajen tabbatarwa.

Wanda na fi natsuwa da shi shi ne a haɗa kowa a gwaji ɗaya: yaron da mahaifiyarsa, 'yan matan biyu da mahaifiyarsu, Hajiya, da kai. Idan aka cire abin da 'yan matan suka gada daga uwarsu, ragowar na ubansu ne, da shi ake sake gina mafi yawan lambobin marigayi kamar yana nan. Ya fi tsada domin kowane kai da kuɗinsa, amma shi ne mai kai ku kusa da tabbas. Kuma ku gaya wa masu gwajin duk wani auren zumunci da ke gidan, domin yana taɓa lissafin.

Wani a cikinmu ya ce a duba rukunin jini ko jinotaif kawai, ya fi sauƙi. Don Allah a bar wannan. Rukunin jini yakan kore wani lokaci, amma ba ya tabbatar da kowa, mutum nawa ne masu O a Daura kaɗai? Jinotaif kuwa na ga ɓarnarsa da idona. Wani magidanci ya taɓa shigo mana da takarda a ninke cikin hularsa, hannunsa na rawa. Wani ƙaramin wurin gwaji ya rubuta masa AA tun kafin aure, matarsa AS, ga ɗansu an ce SS ne. Ya riga ya tura ta gidansu mako biyu. Muka sake gwada shi, ashe AS ne. Ya zauna a kan bencin ƙofarmu ya rufe fuska da babbar riga, ya daɗe bai tashi ba. Masu cewa a duba kunne da yatsun ƙafa kuwa, kama da wane ba ta wane. Mutumin da ya zo wa Annabi (SAW) yana ƙorafin matarsa ta haifi yaro baƙi, da misalin raƙumansa aka ba shi amsa, cewa launi yakan biyo wata jijiya ta can baya.

Amma kafin duk wannan, alƙalin kotun Shari'a ba da DNA zai fara ba, da aure zai fara. Wa ya yi walicci, su wa suka shaida, nawa aka ba da sadaki, yaushe aka ɗaura? Hadisin da ke Bukhari da Muslim ya ce ɗa na mai shimfiɗa ne, wato mijin uwarsa. Idan aure ya tabbata, aka kuma haifi yaron bayan wata shida ko fiye da tarewa, ɗan marigayi ne. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, da ta zauna a Makka a 2002 ta yarda a yi amfani da gwajin wajen yaron da ba a san asalinsa ba, ko jariran da suka cakuɗe a asibiti, ko waɗanda suka ɓace a yaƙi da bala'i, amma ta hana a kore nasabar da ta riga ta tabbata da shi, ko a gabatar da shi a kan li'ani (rantsuwar da miji ke yi a gaban alƙali don kore ɗa), ta kuma ce a yi shi da umarnin kotu. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011 ma tana ɗaukar yaron da aka haifa cikin aure, ko cikin kwana 280 bayan rabuwa, a matsayin ɗan mijin. Idan kuma babu aure, mazhabar Malikiyya da muke kai ba ta danganta yaro ga namijin, ko da takarda ta ce 99.9. A nan sai dai ku yi masa alheri daga aljihunku, ƙofar kyauta a buɗe take.

Idan alƙali ya ga a yi gwajin, yawancin masu aikin suna Legas da Abuja, da yawansu kuma karɓar samfuri kawai suke yi su tura Amurka ko Ingila, shi ya sa farashi ke bin dala. Ku tambaye su sunan wurin da zai yi ainihin gwajin, da shaidar ingancinsa irin ta ISO 17025 ko AABB, da wurare nawa suke dubawa, da abin da za su yi da ragowar samfurin. Ku sa a aika sakamakon kotu kai tsaye, kada ya biyo ta hannun ɗayanku.

A makon nan, ka samu dattijo ɗaya daga ɓangarenku, matar ta kawo nata, su tafi Legas tare. Su fara da sarkin Hausawan unguwar da marigayi ya zauna da limamin masallacinsu. Auren shekara takwas baya, waɗanda suka ci goronsa suna nan. Kafin su dawo, a daina wannan maganar a gaban yaron, ɗan shekara 7 yana jin komai. A bar shi ya ci tuwo a ɗakin Hajiya tare da 'yan matan.