Etymonline: shafin bin asalin kalmomin Turanci, da inda yake gazawa

Etymonline ƙamus ne na intanet wanda Douglas Harper ya kafa a 2001. Kyauta ne, kuma aikinsa ɗaya: ya gaya maka daga ina kalmar Turanci ta fito da yadda ma'anarta ta riƙa sauyawa. Kalmar fizzle ta isa ta nuna ƙarfinsa da rauninsa gaba ɗaya.

Idan ka rubuta ta a akwatin bincike, zai jero ma'anonin bisa shekaru. Tun wajen 1530 ana amfani da ita da nufin sakin tusa marar ƙara. A 1846 ɗaliban jami'a a Amurka suka mai da ita sunan faɗuwa a gaban malami lokacin da yake yi wa ɗalibi tambayoyi. Ma'anar hucin iska ko ruwa da ke fita ta ƙaramar kafa kuwa sai a 1859 ta bayyana a rubuce. Wannan jerin yana da daraja ƙwarai ga mai fassara, domin yana nuna dalilin da ya sa kalmar take ɗauke da ɗan raini. Abin da ya fizzle ba tarwatsewa yake yi ba. Yakan fara da alamar ƙarfi, sannan ya yi ta hucewa har ya tashi a tutar babu, kamar albarushin da ya sha damshi.

A kula da abu biyu wajen karantawa. Shekarar da aka sa ita ce ta rubutu mafi daɗewa da aka samu, mai yiwuwa mutane sun daɗe suna furta kalmar kafin nan. Sannan a nemi tushen kalmar kanta, wato fizzle, ba fizzled mai nuna aikin da ya wuce ba.

Inda yake gazawa shi ne amfanin yau. Ba zai koya maka cewa galibi ana haɗa ta da out idan ana maganar zanga-zanga, soyayya ko shiri da ya shiririce ba, kuma ba ya ba da jimlolin misali irin na ƙamusun masu koyo. Ma'anar fasaha ma ba a nan za a neme ta ba: masana nukiliya suna kiran bam ɗin da bai kai ƙarfin da aka tsara masa ba da wannan suna, kamar gwajin Ruth da Amurka ta yi a Nevada a 1953, wanda ya bar ɓangaren ƙasa na hasumiyar da aka ɗora bam ɗin a kai a tsaye.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauki ma'anar farko a zata ita ce ta yanzu; ta tusa ta daɗe da mutuwa. Mai koyo ya fara da ƙamusun Cambridge ko na Merriam-Webster don furuci da misalai, ya bambance fizzle da fizz, kumfar lemon kwalba, da sizzle, ƙarar nama a cikin mai, sannan ya zo nan neman asali.