Shigar da Jerin Bayanan Ruwan Sama a SWMM 5.2: Sauƙi a Ido, Tarko a Ƙasa

SWMM manhaja ce ta Hukumar Kare Muhalli ta Amurka da injiniyoyi ke gwada magudanan ruwa da ita kafin a haƙa kwalbati ko ɗaya. Tun 1971 take, kyauta ce, kuma sigar 5.2 ta fito a 2022. Wannan sharhi ya tsaya ne kan tagar Time Series Editor, inda ake zuba bayanan da ke sauyawa da lokaci: ruwan sama, ruwan da ke kwararowa cikin magudana, ko tsayin ruwa a mafita.

Tagar ba ta da kwalliya. Akwai gurbin suna, sai tebur mai ginshiƙi uku: kwanan wata, lokaci, adadi. Ana iya kwafo lambobi daga Excel a liƙa, maɓallin View kuma yana zana su nan take, wanda shi ne hanya mafi sauri ta kama sifilin da ya yi yawa. In an bar kwanan wata fayau, manhajar za ta ƙirga lokaci daga farkon gwajin, abin da ya dace da ruwan sama na ƙiyasi. Bayanan shekaru kuwa kada a wahalar da teburin da su; a ajiye su a fayil na rubutu zalla, layi ɗaya ga kowane awo, a nuna wa tagar inda yake.

Tarkon farko kwanan wata ne. SWMM tsarin Amurka take bi, wata kafin rana. Mu kuma rana muke fara rubutawa, don haka 03/08 da ka rubuta da nufin 3 ga Agusta, ita 8 ga Maris za ta karanta, ruwan tsakiyar damina ya koma rani. Daga ranar 13 zuwa sama za ta ƙi karɓa, amma 1 zuwa 12 shiru take wucewa da su, sai dai in jerin ya hargitse ta jefo kuskure mai lamba 173. Masu Excel na Faransanci, kamar a Nijar, su ma su duba: waƙafi yake sawa a 2,5, manhajar kuwa ɗigo take so.

Na biyu ya fi muni, domin ba a cikin tagar yake ba. Teburin lambobi kawai yake riƙewa, ma'anarsu tana can a saitin Rain Gage, wato ma'aunin ruwan. A nan ake faɗa mata ko lambar ƙarfin ruwa ce a awa (INTENSITY), ko yawan da ya sauka a tsakanin awo biyu (VOLUME), ko jimilla mai taruwa. Milimita 5 da suka sauka cikin minti 15, in aka bar zaɓin a INTENSITY maimakon VOLUME, za su zama milimita 1.25. Gwajin zai tafi lafiya ƙalau, ya nuna ƙaramar kwalbati ta isa. Haka in bayanan na awa-awa ne amma tazarar ma'aunin tana minti 15: ruwan kwata ɗin awa zai yi ya ɗauke, abin da za ka samu kawai gargaɗi mai lamba 09 a rahoto, wanda mai sauri ba ya karantawa.

Ruwan sama ba ya buƙatar layukan sifili, inda babu layi babu ruwa. Sauran jerin kuwa manhajar na ja musu miƙaƙƙen layi tsakanin awo da awo, saboda haka ruwan da ya tsaya dole a rubuta masa 0. Sannan a zaɓi raka'ar awon kwararar ruwa tun kafin shigar da komai: in an zaɓi CFS (ƙafa kubik a daƙiƙa) da inci za ta karanta ruwan sama, in CMS ko LPS ne (mita kubik ko lita a daƙiƙa) da milimita, kuma sauyawa daga baya ba ya juya lambobin da aka riga aka zuba.

A ganina tagar ta isa ga ruwan sama guda na 'yan awanni, kuma a kyauta ba a cuci kowa ba. Rauninta shi ne ba ta cike giɓi, ba ta rarraba jimillar yini zuwa mintuna, alhali jimillar yini ce aka fi samu a tashoshinmu. Wannan aikin a Excel ko Python za a gama shi tukuna. Bayan kowane gwaji, a buɗe rahoton gwajin (Status Report) a gwada Total Precipitation, wato jimillar ruwan sama, da jimillar da aka lissafa da hannu. In sun saɓa, a fara duba saitin Rain Gage.