Dinamo 12SI da dilko HEI a tsohuwar Chevrolet: abin da mai shago a Jidda ba ya faɗa

A shagunan kayan motocin Amurka da ke sina'iyyar Jidda, wato unguwar garejoji da shagunan kayan mota, da zarar ka ambaci tsohuwar Chevrolet ko GMC, abu biyu ake ɗora maka kan kanta: altaneta samfurin Delco 12SI da distirbuta ta HEI, mai raba wuta ga fulogi ba tare da kwantak ba, wadda ake kira dilko a nan. Sai a ce ɗaurawa kawai za ka yi. Kayan suna da kyau, amma wannan magana rabin gaskiya ce.

A fara da suna. Makanikan Saudiyya dinamo suke ce wa janareta ta da, dinamo kuma suke ce wa altaneta, don haka faɗi lambar samfurin, kada a ba ka wani abin. General Motors ta bar janareta ta koma altaneta a 1963, da kat'awut ɗinta, mai daidaita caji, a waje. Tsohuwar janareta galibi ba ta wuce amfiya 30 zuwa 35, kuma a silo kusan ba ta caji. Fitilun gaba biyu kaɗai suna jan wajen amfiya 10, ga fankar lagireto ta lantarki da ta AC, waɗanda babu mai rabuwa da su a zafin Jidda. Samfurin 12SI, wanda ya fito a 1983, yana kaiwa amfiya 94, ƙofofin iskarsa sun fi na 10SI, samfurin da ya gabace shi, faɗi, shi kuwa 10SI iyakarsa 63. Saboda zafi kaɗai ma 12SI ce ta fi.

Inda ra'ayinmu ya saɓa da na masu shago shi ne kan altaneta mai waya ɗaya. Suna son ta don sauƙin haɗi, amma ba ta fara caji sai an taka totur inji ya haura kamar juyi 1,500, kuma fitilar caji ta dashbod ta mutu ke nan: fanbel zai tsinke a hanyar Makka, ba ka sani ba sai inji ya tafasa. Ɗauki mai waya uku. Babban noti na baya shi ke kai wuta batir. Ƙafa ta 1 tana bi ta ƙwan fitilar caji zuwa makulli. Ƙafa ta 2 ita ce ke auna ƙarfin wuta, a kai ta mahaɗar wayoyi ta mota, ba a laƙaba ta a notin da ke kusa da ita ba. Idan aka haɗa ƙafa ta 1 kai tsaye babu ƙwai a tsakani, za ka kashe makulli inji ya ƙi mutuwa, domin wuta tana komowa ta wannan waya.

Babban hatsarin yana cikin tsohuwar wayar caji. An yi ta ne don amfiya talatin da ɗoriya, a wasu motocin ma ta cikin agogon amfiya take ratsawa, a bayan dashbod. Tura mata amfiya 94 kiran gobara ne. A ja sabuwar waya mai kaurin murabba'in milimita 16 daga altaneta zuwa batir, a sa fiyus kusa da batir, a cire tsohon kat'awut daga layi, a sauya agogon amfiya da na bolt. A kuma sabunta wayar ƙasa tsakanin inji da shasi. Gishirin iskar teku yana cinye ta. Bayan haɗi, da fitilu da AC a kunne, mita ta nuna bolt 13.8 zuwa 14.4 a kan batir, tazarar da ke tsakanin notin altaneta da batir kuma kada ta kai rabin bolt. Fanbel mai kuka galibi fulin ne bai yi daidai da faɗinsa ba, ko bai zauna layi ɗaya da na inji ba.

Dilko HEI ta zama ta kusan kowace motar General Motors a 1975, ta raba mutane da kwantak, wato bilatin, da yawan saitinsa. Sai dai kafin a saye ta a auna matsin kowace silinda. In bambancin ya wuce kashi 15 cikin 100, matsalar bawul ce ko zobe, wuta ba za ta gyara ta ba. Kawunan inji na shekarun 1960 an yi su ne don fetur mai darma, wanda babu shi a gidajen mai yanzu, sai marasa darma irin su 91 da 95, don haka in an sauke kai a sa mazaunin bawul mai tauri.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ba ta wuta ta tsohuwar wayar kwayil. Wannan waya da gangan take rage wuta don kare kwantak, ita kuwa HEI cikakken bolt 12 take so, lokacin tayarwa da lokacin tafiya. A ja mata sabuwa. Tazarar fulogi ta koma milimita 1.1, wayoyin fulogi ma a sauya, bakinsu daban ne. Jerin wutar V8 na Chevrolet shi ne 1-8-4-3-6-5-7-2. A saita taimin tsakanin digiri 8 da 12 tare da cire tiyon iska na dilko a toshe shi. In yana ƙarar ƙwanƙwasa a hawan Hada na hanyar Ɗa'if da fetur 91, a rage digiri biyu. Kan HEI ƙato ne, a wasu tsofaffin V8 yana gugar bangon gaban mota, gara a auna wurin tun kafin a biya kuɗi.

Rauninta shi ne modul, ɗan abin nan mai ƙafa huɗu da ke ƙarƙashin rota. Na dilko masu araha zafi yana kashe shi ba sallama, musamman in ba a shafa farin man da ke janye zafi a ƙasansa ba. Sukurori biyu ne ke riƙe da shi. Sayi na biyu mai kyau, ko ka ciro na asali a tashlih, wato wurin da ake kwance matattun motoci, ka ajiye shi da ɗan man a aljihun dashbod.