Bututun Gubi ko rijiyar burtsatse: wanne ya fi dacewa da sabbin unguwannin Bauchi?

Duk wanda ya zaga Wuntin Dada ko Birshi da sassafe zai ga 'yan ga-ruwa na tura kura cike da jarkoki. Idan ƙaramar hukuma ta ware kuɗin aikin ruwa, hanya biyu ce a gabanta: ta haɗa kai da hukumar ruwa ta jiha a ja bututu daga dam ɗin Gubi, ko ta haƙa burtsatse mai sola a unguwa.

Burtsatse tana da sauri. Cikin 'yan makonni an haƙa, an ɗora tanki, mata da yara sun huta. Sai dai ƙarƙashin Bauchi dutse ne, ruwan yana maƙale a tsagoginsa, shi ya sa wata rijiyar ke ja da baya a Maris da Afrilu, daidai lokacin da aka fi bukatarta. In injin ya lalace kuma, wa zai gyara? Matuƙar babu kwamitin unguwa mai tara kuɗin gyara, tankin zai zauna a bushe.

Bututu kuwa sai an yi haƙuri. Akwai tsada, akwai fasa titi, ga gidajen da aka gina ba bisa tsari ba sun tare hanya. Amma ruwansa tatacce ne, an sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da ya sha fama da kwalara.

Ni dai a ja bututu zuwa unguwannin da suka cika da jama'a, burtsatse ta riƙe na nesa kafin layin ya iso musu.